Maganin da Ya San Hanya

Talata, bayan la'asar

Wannan littafin Farfesa ce ta saya mini don in riƙa rubuta awon hawan jinina safe da yamma. Shafi biyu na cika na gaji. Yau zan rubuta abin da ke hawar da jinin, tun da injin awon ba ya tambaya.

Farfesa 'yata ce ta fari. Ba zolaya ba ce, farfesa ce ta gaske, a sashen injiniyancin haɗa sinadarai na jami'a. Ni kuwa ubanta aji biyu na yi a sakandare, aka ce in maimaita, na ce wa malamai na gode, sau ɗaya ya ishe ni. Na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa motar rabon lemo kanti-kanti. In aka tambaye ni inda ta samo ƙwaƙwalwa, nakan ce a wurina ta kwashe, shi ya sa ba ni da saura.

Ɗazu da rana ta kira uwarta. Ina zaune ina jin rabin magana. Gwamnati, wato matata, don ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta, ta ce, "Allura? Wace irin allura?" Sai ta juya mini baya. Tun da muka yi aure, in ta juya mini baya tana waya, ba alheri ba ne.

Ga abin da na tsinta. Matar da ke yi wa ɓerayen gwaji allura ba ta zo aiki ba, Farfesa ta sa safar hannu ta karɓi aikin da kanta. Ɓera ya zabura. Allura ta huda safa ta shige babban yatsanta na hagu.

Na ce, "To shi ɓeran fa, yana lafiya?" Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban yi ba.

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba. Tana da ciki wata huɗu. Shekara goma sha ɗaya da aure, biyu sun zube a baya. Wannan karon ba ta faɗa wa kowa a wurin aiki ba, tana jira ya zauna. Da sun sani da ba su bar ta ta taɓa sirinji ba.

Ta ce ba komai.

Laraba, da hantsi

Sun zo ita da mijinta. Surukina malamin tarihi ne, ina kiransa Sarkin Magana, don in ya ce "ina kwana" ya gama rabon maganarsa na ranar. Ya zauna a bakin kujera yana juya makullin gida. Ita kuma da ɗan filasta a yatsa, kamar wadda ta yanke wurin fere albasa.

Aikinta na san shi, irin sanin da fasinja ya yi wa inji. Ta sha yi mini bayani. Maganin ciwon daji na yau da kullum kamar direba ne da ya sha ƙwaya, duk wanda ya gani a titi kaɗewa yake, mai laifi da marar laifi. Shi ya sa gashi ke zubewa, mutum ya rame. Ita kuwa shekara goma sha biyar tana ƙera wasu 'yan akwatuna ƙanana da ido ba ya gani, a zuba dafin a ciki a rufe. Su bi jini su yi ta tafiya ba su buɗewa, sai sun iso inda nama ke girma da gaggawa, inda ake ta shimfiɗa sabbin jijiyoyin jini kamar titunan sabuwar unguwa. A nan suke sauke kaya.

Inda nama ke girma da gaggawa.

Na daɗe ina faɗin wannan a shagon mai aski ana tafa mini. Yau na faɗe shi a zuci ina kallonta tana shan shayi, sai kofina ya yi mini nauyi.

Ta ce, "Baba, daina kallona haka. Abin da ya shiga ko rabin rabon ɓera bai kai ba. Ni kuma ka gan ni, na fi ɓera nauyi."

Na ce, "Har taurin kai kin fi shi. An taɓa gwada abin nan a jikin mutum?"

Ta hura shayin da ya riga ya huce. "Na daɗe ina neman izini. Ba a ba ni ba tukuna."

"Ke nan..."

"Ni ce ta farko, Baba. Ka taya ni murna."

Sarkin Magana ya tashi ya fita tsakar gida.

Alhamis, da yamma

Ta ce ba komai. Likitanta ya ce mai yiwuwa ba komai. Wannan "mai yiwuwa" ban san wanda ya gayyato shi ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ta kira ni ni kaɗai, ba ta wayar uwarta ba. "Baba, motarka tana tashi?" Na ce tana tashi in an yi mata magana mai daɗi. Ta ce in kai ta ɗakin gwaji, kuma kada mijinta ya ji.

Ban taɓa wuce ofishinta ba sai yau. Aka ba ni farar riga, hannunta ya tsaya mini a gwiwar hannu, na ce ga shi yau na zama likita ba tare da na maimaita aji ba. Wurin sanyi kamar cikin firij, ƙamshinsa na asibiti da ɗan warin kejin kaji. A wani lungu akwai wani baƙin akwati mai ƙofa, girman tanda, a ciki ake kwantar da ɓera a ɗauki hotonsa. Ashe akwatunanta tana shafa musu wani rini da ke haske a cikin injin, don a ga inda suka nufa.

Ta cire filasta, ta zura hannunta a inda ake kwantar da ɓera, ta ce in yafa baƙin ƙyalle a bakin ƙofar, in danna maɓalli kore. Na danna. Hannun 'yata ya fito a allo, toka-toka, sai kan babban yatsa yana ci ja kamar garwashi.

Ta ce, "Ka gani? Yana nan. Bai je ko'ina ba."

Na ce, "Madalla da malalacin magani. A wurin kakansa ya gado."

Ta yi dariya ta gaske. Amma da muka fito ta kasa ɓalle maɓallin farar rigarta, sai ni na ɓalle mata, kamar ranar da na fara kai ta makaranta.

Asabar, da azahar

Na je aski don kada in zauna a gida ina kallon Gwamnati tana wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Shagon cike. Mai aski na ganina ya ce wa wani baƙo, "Yawwa, ga baban Farfesa. Direba, yi masa bayanin maganin nan mai sanin hanya, yana musu."

Na ce yau murya ba ta nan. Suka ce ƙarya nake, ni da ko jana'iza sai an tsawatar mini. To, na tashi da tawul a wuya na yi musu yadda na saba. Na zama magani, na riƙe sitiyari, na wuce zuciya ina mata hon, na wuce huhu ina ɗaga hannu, ɗan sanda ya tsayar da ni a hanta na ce ranka ya daɗe ba nan aka aike ni ba. Suna ta faɗuwa. Baƙon ya share hawaye ya ce, "To in ya shiga jikin da babu ciwon fa? Ina zai kai kayan?"

Na ce sai ya koma kamfani.

Aka sake dariya. Na zauna aka yi mini aski. Mai aski ya ce, "Direba, daina motsi, za ka sa in yanke maka kunne." Ban san ina motsi ba.

Litinin, da yamma

Mun koma wurin baƙin akwati. Garwashin ya ragu. Akwai wani siririn zare ja da ya tashi daga yatsa ya bi bayan hannu ya nufi wuyan hannu. Ta ce haka ya kamata. Ta ce ba komai.

Yanzu kullum da safe tana biyowa ta gidanmu ta ɗebi jininta da kanta. Aikina in ɗaure mata igiyar roba a dantse in kau da kai. Ta zuba a 'yan kwalabe, ta manna musu takarda, ta jera a firij ɗinmu kusa da ƙwai kafin a kai ɗakin gwaji. Na ce wa Gwamnati ta riƙa sa tabarau in za ta soya mini ƙwai. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta yi mini tun ranar Talata.

Awon jinina yau bai rubutuwa. Injin ne ya lalace.

Laraba, bayan azahar

Babu komai a allon. Hannu toka-toka daga yatsa har gwiwa, ko ɗigon ja babu.

Na ce, "Alhamdu lillahi, ya mutu."

Ta ce, "Ba ya mutuwa, Baba. Tafiya ya yi."

"Ina?"

"Yawanci hanta ce ke kama su ta fitar. Da saifa."

"Yawanci."

"A ɓera haka muke gani."

Na tsaya ina neman yadda uba zai yi wa 'yarsa tambayar da ba a yi. Na ce, "Su ɓerayen naku, akwai waɗanda suke... da baƙo a tafe?"

Ta kashe injin. "Ba mu taɓa gwadawa a kan irinsu ba."

Na ce to mu sa sauran jikin a akwatin mu duba mana. Ta ce akwatin na ɓera ne, hannu kaɗai ke shiga, kuma hasken ba ya ratsa nama mai kauri. Wato duk jami'ar nan, da benayenta da injinanta, ba mai iya gaya mini inda abin yake a jikin 'yata.

Na yi shekaru ina rabon kaya. Kayan da ke cikin mota ba ya tayar mini da hankali. Wanda ya bar mota ba a ga inda aka sauke shi ba, shi ke hana barci.

Alhamis, da magariba

Sarkin Magana ya yi magana.

Ya zo ɗaukar Farfesa, Gwamnati ta ce ya buɗe firij ya ɗauki ruwa. Ya buɗe. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya fito da kwalba ɗaya a hannu ya shigo falo.

"Wannan mene ne?"

Ta ce, "Awo nake yi."

"Awo. Likita ya ce ki huta, ke kina tsotse jininki kina rubuta masa kwanan wata. Gaya mini, Farfesa, ɗana ne a jikinki ko ɓera?"

Na ce, "Haba ɗana, zauna, ai ko a kotu ana ba mutum kujera." Bai ko dube ni ba.

Ta miƙe. Ban taɓa jin muryarta haka ba. "In ban auna ba wa zai auna? Likitan? Ni ya tambaya yadda abin ke aiki, a gabanka! Duk duniya ba wanda ya san halinsa sai ni, ni na ƙera shi da hannun nan. Kana so in kwanta in kalli silin in yi ta ƙirga abin da na sani?"

Ya ce, "Ina so da ba ki taɓa allurar ba."

Gwamnati ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Ya ajiye kwalbar a kan tebur a hankali, kamar zai tashe ta daga barci. Ya juyo gare ni. "Baba, kai ma da kai?"

Ina da amsar kowa a garin nan. Yau kam sai na tashi na mayar da kwalbar cikin firij.

Juma'a, da safe

Ba ta zo ɗibar jini ba. Igiyar robar tana rataye a jikin ƙofa.

Asabar, da hantsi

Asibiti.

Asabar, bayan la'asar

Jini ta gani da safe. Kaɗan, in ji uwarta. Mata suna da wani "kaɗan" da ba a auna shi da cokali.

Ni a baranda aka bar ni, a kan benci, kusa da wani mutum mai karyayyar ƙafa da ke son ba ni labarin yadda ya faɗo daga tsani. Na saurare shi har sau biyu. Allah ya saka masa.

Da suka fito likitan ya yi mana bayani a tsaye. Zuciyar baƙon tana bugawa. Jinin ya tsaya. Amma da ya auna baƙon a hoto, ya ga tsawonsa bai kai yadda ake zato ba, ya gaza da ɗan kaɗan. Ya ce mai yiwuwa lissafin watanni ne aka yi kuskure, hakan na faruwa kullum. Mai yiwuwa kuma wani abu ne ke rage masa girma. A dawo bayan mako biyu a sake aunawa. In ya ƙaru yadda ya kamata, to. In bai ƙaru ba...

Bai ƙarasa ba. Likitoci ma sun iya ajiye magana a gefen titi su wuce.

Na ce masa a danginmu dama gajeru ne, kakana sai da kujera yake hawa jaki. Ya yi mini murmushin da ake wa tsoho.

Wannan karon ba ta ce ba komai ba.

Litinin, da rana

Tana gidanmu, a tsohon ɗakinta. Mijinta ne ya kawo ta da jaka, ya ce yana makaranta da rana, ba mai kula da ita. Kullum in ya tashi aiki sai ya zo ya zauna a bakin gadon. Yana ɓare mata lemo.

Talata, da yamma

Gwamnati ta daina yi mini faɗa. Na bar takalmi a tsakiyar falo da gangan, ta tsallake shi ta wuce. Tsorona ya ƙaru.

Alhamis, bayan azahar

Ba abin rubutawa. Na gyara famfon da bai lalace ba, yanzu ya lalace.

Lahadi, da la'asar

Na kai mata shayi na tarar tana zaune ta jingina da bango, ba littafi, ba waya. 'Yata ba littafi. Na zauna a kujerar da take karatu tana yarinya, kujerar ta yi ƙara, na ba ta haƙuri.

Ta ce, "Baba, ka san abin da nake roƙo?"

Na ce na san dai ba ƙarin albashi ba ne.

"Shekara goma sha biyar ina roƙon Allah ya sa abin nan ya san hanya. Na hana kaina barci, na hana ɗalibaina. Akwai matar da ke zuwa ofishina da ɗankwali a kan da ba gashi, tana tambaya yaushe za a fara gwaji. Yanzu safe da dare roƙona ɗaya ne, Allah ya sa ban iya aikina ba. Allah ya sa ya ɓata."

Na ce, "In ɓata ne kada ki damu, jininmu ne. Na taɓa kai lemon gidan biki gidan makoki. Har suka sha."

Ta yi dariya har ta riƙe gefenta, sai dariyar ta juye. Ta kifa kai a gwiwata. Rabon da ta yi haka tun ba ta kai tsawon tebur ba. Na rasa inda zan sa hannuna, sai na sa a kanta. Akwai furfura. Ban san 'yata tana da furfura ba.

Ta ce, "Ina jin tsoro, Baba."

Na ci gaba da shafa kanta. Shagon barkwancina ya rufe.

Laraba, da safe

Ni ma.

Juma'a, da yamma

Gobe.

Asabar, bayan la'asar

Benci ɗaya, baranda ɗaya. Mai karyayyar ƙafa ba ya nan, na yi kewarsa. Su uku suka shiga, ita da mijinta da uwarta. Na ƙirga tayil ɗin ƙasa na manta adadin, na sake. Aka daɗe. Wasu da suka shiga ɗakin kusa bayansu sun fito sun tafi. Na ce a raina labari mai daɗi ba ya ɗaukar lokaci haka.

Gwamnati ce ta fara fitowa. Ta tsaya a gabana tana kallona, ta ce, "Dubi yadda ka ɓalla maɓallin rigarka a karkace, tsoho da kai, a gaban mutane."

Sai na sani.

Ya ƙaru. Ya ƙaru daidai yadda ake so a mako biyu. Abin da ya tsayar da su, 'yata ce ta ƙi yarda da awo ɗaya. Ta sa likita ya auna, ya goge, ya sake aunawa, ya kira abokin aikinsa shi ma ya auna ba tare da an gaya masa na farko ba. Mijinta ya ce likitan har ya tambaya ko za ta ba shi maki.

Likitan ya fito ya ce kada mu yi saurin shagali. Girma yana tafiya, zuciya lafiya, amma akwai abubuwan da hoto ba ya nunawa, sai ranar da aka ga mutum ido da ido. Za a riƙa aunawa duk wata. Na ce mun ji. Ita ma ta ce ba ta san inda akwatunan suka sauka ba, kuma mai yiwuwa ba za ta taɓa sani ba.

Muka fito wurin mota. Na zauna, na ɗauko makulli, na nufi ramin, makulli ya ƙi shiga. Na sake, ya bugi gefe. Ni da na tuƙa babbar mota cike da kwalabe a kan kowace irin hanya ban fasa ko ɗaya ba. To, na fasa kaɗan.

Sarkin Magana ya leƙo ta taga ya miƙo hannu. "Baba, kawo."

Motar nan ba wanda ya taɓa tuƙa ta sai ni. Na ba shi. Na koma baya kusa da Farfesa, Gwamnati ta shige gaba tana ba da umarni.

Surukina bai iya tuƙi ba. Yana sa giya kamar yana yanka ta, yana taka birki tun rami bai san da zuwanmu ba. Kafin mu kai shataletale na tara masa maganganu masu daɗi da za su ishe ni shekara. Sai na ji nauyi a kafaɗata. Ta yi barci, baki buɗe, hannunta na hagu a kan rigarta.

Na haɗiye su duka. Na ce masa a hankali, "Ɗana, bi ta doguwar hanya. Ta fi santsi."